Dutse Ma Yana Ruɓewa: Me Ya Sa Burtsatse Ke Ba da Ruwa a Wani Gida, Ta Ƙi a Na Maƙwabcinsa?

Duk shekara idan bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, zancen ɗaya ne a unguwannin Kano, Zariya, Gusau, Bauchi da Abuja. Rijiyoyi sun ja baya, 'yan garuwa sun ƙara kuɗi, wani kuma ya tattara abin da ya daɗe yana tarawa ya kira masu injin haƙa burtsatse, an wuni biyu ana ruri, ƙarshe ba abin da ya fito sai farar ƙura. Abin da ya fi ƙona rai shi ne maƙwabcin da katanga kaɗai ta raba su yana cika tanki safe da yamma. Daga nan sai a shiga neman mai laifi. Wasu su ce ɗan kwangila ne ya ci kuɗin bai kai zurfin da aka yi da shi ba, wasu su ce maƙwabcin ne ya janye ruwan, wasu kuma su ce filin ne yake da mutanen ɓoye.

Ha'inci yana faruwa, ba wanda zai musa. Amma a mafi yawan lokuta amsar tana can ƙarƙashin ƙasa, a cikin wani al'amari da aka koya mana a darasin labarin ƙasa muka haddace don jarrabawa muka watsar: yadda dutse ke fashewa, da yadda yake ruɓewa. A ƙasar da ke zaune kan dutse, ruwan rijiya yana kwance ne a inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage, kuma dutse ba ya ruɓewa bai ɗaya.

Ruɓewar dutse daban, zaizaya daban

Mutane sukan haɗa abubuwa biyun, alhali ba ɗaya ba ne. Zaizaya ita ce ruwa ko iska su kwashi ƙasa daga nan su kai ta can, irin abin da ke haƙa kwazazzabo a bayan gari. Abin da muke magana a kai yana faruwa ne dutsen yana nan inda yake, bai gusa ba. Ƙarfinsa ne ke ƙarewa a hankali har ya koma tsakuwa, yashi da yumɓu. Sai ya lalace tukuna zaizaya ke samun abin ɗauka.

Masana sun kasa lalacewar gida biyu. Akwai fashewa, inda dutse ke tsagewa ya rabu gunduwa-gunduwa amma kowace gunduwa tana nan da sinadarinta na asali. Akwai kuma ruɓewa ta sinadari, inda ruwa da iska ke shiga jikin dutsen su sauya ainihin abin da aka yi shi da shi, ya zama wani abu dabam. A littafi an raba su, a daji kuwa tare suke aiki: tsaga ce ke buɗe wa ruwa hanya, ruwan kuma ya ci bakin tsagar ta ƙara faɗi.

Kusan rabin Najeriya yana zaune ne kan tsohon dutse mai tauri, wanda masana ke kira dutsen gindi. Kano, Kaduna, Abuja, Bauchi, Jos, yawancin Katsina da Zamfara duk a kansa suke, haka ma Damagaram a Nijar. Yawancin giranait ɗin da ke cikinsa, wato dutsen nan da ake fasawa a yi tsakuwar gini, ya daskare ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, na tsaunukan Jos kuma ya fi ƙuruciya, bai kai shekara miliyan 200 ba a yawancin wurare. Irin wannan dutse idan yana da lafiyarsa ba shi da ƙofar da ruwa zai zauna. Ka jiƙa guntunsa a bokiti shekara guda, ka fasa, cikinsa a bushe yake.

Abubuwan da ke fasa dutse

Na farko shi ne sauke nauyi. Giranait yana daskarewa ne a can ƙasa, da nisan kilomitoci, da nauyin duk abin da ke sama a kansa. Idan zamani ya yi nisa zaizaya ta kwashe abin da ya danne shi, sai ya ɗan saki jiki ya kumbura, ya tsage shimfiɗa-shimfiɗa daidai da bayansa. Wanda ya taɓa hawa Kufena ko Kwatarkwashi ya ga irin falalen da suka ɓamɓaro daga jikin dutsen, wasu sun zame sun taru a gindi, wasu suna nan a manne, idan ka buga su da wani dutse ka ji suna amsawa alamar akwai rami a ƙarƙashi.

Na biyu zafi da sanyi. Masu fasa dutse da hannu sun fi kowa sanin wannan. Sukan jera itace ko tsofaffin tayoyi a kan falalen dutse su cinna wuta, ta kwana tana ci. Fatar dutsen ta yi zafi ta kumbura, cikinsa kuma yana nan da sanyinsa, sai ɓawon ya rabu da uwar. Da safe su zo da guduma da ƙarfen tsaga su ɗaga falle guda, mata da yara su zauna su mayar da shi tsakuwa. Gobarar daji ma tana yin irin wannan aikin a duwatsun da ke cikin ciyawa.

Sai gishiri. Duba gindin katangar da ke wurin da ruwa yake da zartsi: za ka ga farin gari ya fito a jikin bulo, filasta tana bubbuɗewa tana zuba, daga ƙasa zuwa kamar gwiwa, sama kuma lafiya lau. Danshi ne ke hawowa da gishiri a narke, ruwan ya bushe, gishirin ya daskare a cikin ƙananan ƙofofin bulon yana girma yana ture su. Abin da ke cin katanga shi ne ke cin dutse a wurare masu kanwa da gishiri irin su Manga da Bilma. Saiwar itace ma tana nata: gamji ko cediya su tsiro a cikin tsaga, saiwar tana kauri tana buɗa ta.

Akwai kuma ƙanƙara, wadda littattafan makaranta ke ba wa babban fili saboda a ƙasashen sanyi aka rubuta su. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa tsagar da yake ciki. A ƙasar Hausa wannan ba ya cikin lissafi, sai dai can arewa a ƙololuwar tsaunukan Azbin na Nijar da Tibesti na Chadi inda sanyin hunturu kan kai ruwa ga daskarewa da dare.

Gardamar masana kan zafin rana

Ko zafin rana shi kaɗai yana iya fasa dutse? An daɗe ana koyar da cewa yana yi, musamman a hamada inda bayan dutse kan wuce digiri 60 da rana ya huce da dare. A 1936 wani masani Ba'amurke, David Griggs, ya ɗauki guntun giranait ya yi ta gasa shi yana hucar da shi da busasshiyar iska, har adadin ya kai kwatankwacin shekara 244 na dare da rana, bai ga wata tsaga ba. Da ya koma hucar da shi da feshin ruwa, cikin ɗan lokaci dutsen ya fara lalacewa. Wannan gwaji ya sa masana da yawa suka juya wa maganar zafin rana baya na tsawon shekaru.

Daga baya ra'ayi ya sake juyawa. Masu suka sun ce ɗan guntun dutse a ɗakin gwaji yana da sararin kumbura ta kowane ɓangare, wanda falalen da ke manne da tsauni ba shi da shi. A 2016 masu bincike a gandun Yosemite na Amurka suka wallafa sakamakon na'urorin da suka dasa a wata tsaga sama da shekara uku, suka nuna tana buɗewa da rana tana rufewa da dare, wani lokaci har kusan santimita ɗaya, kuma a hankali tana ƙara faɗi. A ganina ɓangarorin biyu kowa ya riƙe wani yanki na gaskiya. Rana tana gajiyar da dutse, amma inda danshi ya shiga aikin ya fi sauri nesa ba kusa ba. Wannan ne ya kawo mu ga babban mai aikin a ƙasarmu.

Yadda ruwa ke cin dutse

Ɗauki tsakuwar giranait daga tulin da aka sauke a wurin gini ka duba da kyau. Za ka ga ƙwayoyi iri uku. Akwai mai garai-garai da ake kira kwaz, akwai fari ko mai ɗan ja-ja da ake kira felsfa wanda shi ya fi yawa, sai baƙi-baƙi mai ƙyalli da ake kira maika. Kowannensu da yadda yake ƙarewa.

Ruwan sama ba ya saukowa salim. Yana haɗuwa da iskar kabon a sararin sama ya ɗauki ɗan tsami kaɗan wanda harshe ba ya ji. Idan ya nutse cikin ƙasa sai tsamin ya ƙaru, domin saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye suna fitar da iskar kabon mai yawa, ninkin ba ninkin abin da ke sarari. Wannan ruwa idan ya kwanta a jikin felsfa sai ya riƙa zare masa sinadaran fotash, sodiyam da kalsiyam yana tafiya da su, abin da ya rage ya koma yumɓu. Farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina felsfa ce da ta gama ruɓewa. Yumɓun tukwane da na tubali ma asalinsu ke nan.

Baƙin maika yana ɗauke da ƙarfe, shi kuma iskar oksijin ce ke kama shi ya yi tsatsa, tsatsar nan dai da muka sani a jikin kwanon rufi. Ita ce ta rina ƙasarmu ja. Inda damina da rani ke karɓa-karɓa, ƙarfen yakan narke da damina ya taru a wani mataki, rani ya zo ya ƙafe shi, shekara bayan shekara har ya zama marmara. Dala da Gwauron Dutse a Kano hular marmara ce a kansu ta hana zaizaya cinye su lokacin da ta rage tsawon filin da ke kewaye, kuma tama da ke cikin irin wannan marmara ce maƙeran farko suka narkar a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7.

Kwaz kuwa ruwa bai cika iya masa ba. Idan abokan zamansa suka ruɓe sai ya zube ƙwaya-ƙwaya, shi ne yashin da tifa ke ɗebowa daga rafi. Haka kuza take, tana da taurin kai ga nauyi, shi ya sa da duwatsun Jos suka ruɓe ta taru a cikin tsakuwar rafuka, inda aka yi ta wanke ta tun kafin zuwan Turawa, kamfanoni kuma suka ɗora a farkon ƙarni na 20.

Wani dutsen ma narkewa yake yi ɗungurungum. Dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato ruwa mai tsami yana lasar sa har ya yi ramuka da hanyoyi a ciki. Duk waɗannan ayyuka sun fi sauri inda akwai zafi da danshi tare, kuma ƙasarmu ta ga zamunnan da suka fi na yanzu ruwa. Yau da gobe, in ji Hausawa, ita ke sa allura ginin rijiya. Miliyoyin shekaru na damina sun ci dutsen gindi har zuwa mita 10, 20 ko 30 a wurare da yawa, a wasu wuraren ma fiye da 50.

Abin da mai haƙa rijiya ke ratsawa

Tsaya kusa da rijiyar da ake haƙa da hannu ka dubi tulin ƙasar da ake fitarwa da guga, za ka karanta labarin gaba ɗaya. Da farko ƙasar sama mai duhu. Sai jar ƙasa da marmara, inda diga ke tartsatsi mai haƙa yana haɗa gumi. Idan ya huda ta sai aiki ya yi sauƙi, ya faɗa cikin yumɓu mai dabbare-dabbaren ja da fari da rawaya. Ƙasa da nan sai wani abu mai ban mamaki: idan ka kalle shi dutse ne sak, ga ƙwayoyinsa ga zanensa, har jijiyoyin farin kwaz suna ratsa shi yadda suke tun asali, amma ka damƙa da hannu sai ya marmashe. Wannan shi ne ruɓaɓɓen dutse. Yana ƙara gautsi da tsakuwa yayin da ake nitsawa, har a kai inda dagi zai buga ya yi ƙara ya dawo. Nan mai haƙa zai ɗago kai ya ce an kai dutse.

Ruwa ba ya zama daidai a waɗannan matakai. Yumɓun sama yana riƙe ruwa da yawa amma ba ya sakinsa da sauri, shi ya sa wata rijiyar za a kwashe ta da safe sai yamma ta sake tarawa. Wurin da ya fi albarka shi ne can ƙasa, inda ruɓaɓɓen dutse mai tsakuwa ya haɗu da lafiyayyen dutse mai tsage-tsage. Ruɓaɓɓen dutsen shi ne randa, tsagogin da ke ƙarƙashinsa su ne bututun da ke jawo ruwan randar zuwa ramin burtsatse. Wanda ya samu randa babu bututu zai samu ruwa kaɗan-kaɗan. Wanda ya samu bututu babu randa a samansa zai ga ruwa ya yi tsiri ranar haƙa, a yi murna, bayan 'yan watanni ya ɗauke.

Masu injin ma suna karanta wannan, ko ba su faɗa wa mai gida ba. Muddin abin da ke fitowa daga ramin ja ne ko ruwan ƙasa mai laushi, ana cikin ruɓaɓɓe. Idan ya koma busasshiyar ƙura fara ko toka-toka, guduma tana bugawa da sauti ɗaya, an shiga lafiyayyen dutse. Abin da suke jira shi ne sandar ta ɗan zarce da sauri, ƙurar ta yi danshi, gutsattsarin da ke fitowa su zo da launin tsatsa a jikinsu. Tsatsar shaida ce cewa ruwa ya daɗe yana bin wannan tsaga.

Dalilin da gida biyu ke bambanta

Ruɓewa tana bin tsaga ne. Inda tsagogi suka yi yawa suka kusanci juna, ruwa yana samun hanya ta ko'ina ya ci dutsen har can ƙasa. Inda dutsen yake dunƙule babu tsaga sai ya tsaya da lafiyarsa. Saboda haka idan da za a yaye ƙasar unguwa guda a ga lafiyayyen dutsen da ke ƙarƙashi, ba shimfiɗaɗɗe za a gan shi ba. Tudu da kwari ne, nan ya taso kusa da sama, taku hamsin gaba ya nutse mita 30. Wani gida yana kan kwarin, na kusa da shi yana kan tudun.

Ba sai an yaye ba ma, domin akwai inda zaizaya ta riga ta yi mana aikin. Tun a 1911 wani masanin duwatsu ɗan Birtaniya, J. D. Falconer, da ya zagaya Arewacin Najeriya, ya kawo bayanin cewa duwatsun nan masu santsi da ke tsaye su kaɗai a fili sun samu siffarsu ne tun suna binne: ruɓewa ta ci abin da ke kewaye da su, daga baya ruwa ya kwashe ruɓaɓɓen ya bar su a tsaye. Har yau ana ambaton sunansa a duk inda ake wannan bahasi. Duwatsun Riyom da ke ɗore kan juna, waɗanda mutane ke tambayar wa ya jera su, ba wanda ya ɗaga su. Dutse ɗaya ne da tsagogi suka yanka murabba'i-murabba'i, ruwa ya ci kusurwoyin har suka mulmule a cikin ƙasa, aka kwashe abin da ke tsakaninsu. Haka manyan duwatsun da gidajen Birnin Damagaram ke jingine da su, kuma ba abin mamaki ba ne cewa garin ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa har sai an jawo masa daga wurare masu nisa.

Irin waɗannan mulmulallun duwatsu suna nan binne a ƙarƙashin gidaje. Mai haƙa rijiya yakan ci karo da ɗaya ya ɗauka ya kai ƙarshe, alhali a ƙarƙashinsa akwai sauran ruɓaɓɓe mai ruwa.

Wannan ne amfanin awon ƙasa kafin haƙa. Masu awon suna kafa ƙarafa a ƙasa su tura lantarki, domin jiƙaƙƙen ruɓaɓɓen dutse yana barin lantarki ya wuce, lafiyayye kuma yana tare shi. Awon ba duba ba ne, yana iya kuskure, yumɓu ma yakan ruɗe shi ya nuna kamar akwai ruwa. Kuma a fili mai ƙafa 50 da katanga ta kowane gefe da wayoyi a binne, mai awon ba shi da sararin da zai ja igiyarsa yadda ya kamata. Duk da haka kuɗinsa kaɗan ne a kan kuɗin ramin da ba ruwa, kuma ina ganin ganganci ne a kira inji ba a yi shi ba.

A ƙara zurfi ko a sauya wuri?

Nan ne ake yawan samun saɓani tsakanin mai gida da mai inji. Mai inji yana karɓar kuɗi ne a kan kowace mita, don haka shawararsa a ƙara zurfi. Yana da hujja, domin akan dace da tsaga mai ruwa a can ƙasa, kowa kuma ya san labarin wanda ya samu a mita ɗari da wani abu. Masana ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma suna cewa a dutsen gindi tsagogi suna raguwa suna matsewa yayin da ake nitsawa, saboda nauyin da ke kansu. Idan an ratsa ruɓaɓɓen an yi nisa cikin lafiyayyen dutse ƙura kawai ake gani, kowace mita da aka ƙara caca ce da damarta ke raguwa. Sau da yawa gusawa gefe ya fi nitsawa ƙasa, ga wanda yake da filin gusawa.

Ruɗanin yana zuwa ne daga kwatanta wuraren da ba ɗaya ba. A Maiduguri, Nguru, Haɗeja da yawancin ƙasar Sakkwato da Kabi, ƙasa shimfiɗu ce ta yashi da laka da suka kwanta kan juna, kuma yashin yana ɗauke da ruwa a faɗin kilomitoci. A can zurfi yana da ma'ana, akwai mataki na sama da na tsakiya da na ƙasa, kuma abin da maƙwabcinka ya samu kai ma kusan shi za ka samu. Wanda ya ɗauko wannan lissafi ya kawo shi Zariya ko Gusau zai yi asara.

Ko burtsatsen da ta yi kyau a dutsen gindi ba kogi ba ce. Yawancinsu abin da suke bayarwa bai wuce lita ɗaya a daƙiƙa ba, da yawa ma ba su kai rabin haka ba. Ya ishi famfon tuƙa-tuƙa ko gida guda, amma idan aka zura babban injin tsotso ana sayar wa tankoki, ramin zai riƙa ƙafewa. Zargin da ake yi wa maƙwabci ma ba koyaushe ne banza ba: idan ramuka biyu suna kan tsaga ɗaya, mai zurfi da babban inji yana iya sauke ruwan har rijiyoyin hannu da ke kewaye su bushe.

Abin da dutsen ke zuba wa ruwan

Sinadaran da ruwa ya zare daga dutse ba ɓacewa suke yi ba, suna cikin ruwan da muke sha. Yawancinsu ba su da illa. Ruwan da ke fitowa garau ya yi ja bayan ya kwana a bokiti, ƙarfe ne ya haɗu da iska, yana ɓata tufafi da ɗanɗano amma ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne wanda ba ya da launi ko wari. Wasu duwatsun suna sakin sinadarin fuloraid, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. A yankunan Langtang da Kaltungo an daɗe da sanin yadda yake rina haƙoran yara. A Tibirin Gobir kusa da Maraɗi abin ya wuce haƙori: ruwan wata burtsatse mai zurfi da garin ya sha daga tsakiyar shekarun 1980 ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a gano. Gwajin ruwa a ɗakin bincike kafin a fara sha ba almubazzaranci ba ne.

Musibar gubar dalma ta Zamfara ma akwai hannun ruɓewar dutse a ciki. A 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka ƙiyasta an rasa yara kusan 400. Dutsen zinaren da ake dakawa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma, wadda asalinta irin dutsen tozali ne. Binciken masana duwatsu na gwamnatin Amurka ya nuna cewa iska da ruwa sun riga sun sauya yawancin wannan dalma tun tana cikin ƙasa zuwa wani nau'i mai saurin narkewa a cikin ɗan Adam. Ƙurar da yaro ya lasa daga hannunsa ta fi shiga jini saboda dutsen ruɓaɓɓe ne.

Gona, kududdufi da siminti

Manomi ma daga nan yake ci. Ƙasar da ta fito daga giranait yashi ya fi yawa a cikinta, kuma ruwa ya riga ya wanke yawancin abincin shuka, shi ya sa take neman taki kullum. Wadda ta fito daga baƙin dutsen aman wuta, irin ta Biu da ta wajen Panyam a Filato, ta fi ƙarfi. Filayen Kano kuma sun samu ƙari daga sama, domin ƙurar da iska ta daɗe tana kawowa daga arewa maso gabas ta kwanta a kansu, har yau hunturu yana ƙara musu. Sai dai aikin yana da nawa ƙwarai. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce akan ɗauki har shekara 1,000 kafin a samu santimita 2 zuwa 3 na ƙasar noma. Ruwan dare ɗaya a gonar da aka share ƙaf yana iya tafiya da fiye da haka, kuma idan ya kai ga marmara an samu faƙo.

A cikin gari matsalar ta wani gefen ce. Ruwan da ke cikin ruɓaɓɓen dutse daminar bana da ta bara da na 'yan shekarun baya ne, kuma ta sama yake shiga. Kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini suna cikin ƙofofin da yake bi, yanzu ana cike su ana gini a kai. Tsakar gida an shafe ta da siminti, layi an yi masa kwalta, ruwan sama yana bin kwata ya fice daga gari cikin awa guda, ramukan da ke tsotsa kuma kullum ƙaruwa suke yi. Ga kuma masai: tunda ruwan ba shi da zurfi, shawarar da ma'aikatan lafiya ke bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da ramin bayan gida, abin da ƙananan filayenmu ba sa bari, sai dai a tabbatar an toshe wuyan burtsatsen da siminti yadda ruwan sama-sama ba zai gangara ta gefen bututu ba.

Akwai abu guda da mai gida zai iya nema tun wajen ciniki, kuma ba ya cin ko kwabo: takardar da mai inji zai rubuta abin da ya ratsa, a mita nawa marmara ta ƙare, a nawa aka shiga lafiyayyen dutse, a nawa aka ga ruwa, lita nawa ramin ke bayarwa bayan an yi awanni ana ja. A yanzu yawancin ramukan da ake haƙawa a gidaje babu mai ajiye wannan bayani, musamman waɗanda ba su ba da ruwa ba, sai a cike su a yi shiru. Da hukumomin ruwa na jihohi suna karɓar kwafin waɗannan takardu suna haɗawa, da kowace unguwa ta samu taswirar inda dutsenta ya nutse da inda ya taso, mai shirin haƙa ya duba kafin ya biya kuɗin inji.